Ranar da Na Ajiye Gora Na Gaida Surukina

Bari in faɗa tun kafin wani ya riga ni: a labarin nan ni ne wawan. Ba sai an kafa kwamiti ba. Mutanen unguwarmu Abakpa sun yanke wannan hukunci tun gashin kaina yana baƙi, kuma na karɓa. Abin da ban karɓa ba shi ne a ce wautar tawa ce ni kaɗai, don tarbiyya ce ta ja ni, ni kuwa ba ni na yi wa kaina tarbiyya ba.

Zamanin mulkin soja ne, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Ina masinja a wata ma'aikata a unguwar Doka cikin Kaduna, da kakina da kekena, ina kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan. Karatuna bai wuce in gane abin da aka rubuta a bayan fayil ɗin ba, shi ma in mai rubutun ya ji tsoron Allah. A wannan ma'aikata akwai taubashina, ɗan Gwaggo ƙanwar mahaifina. Shi ne mai haɗa waya. Duk wanda ya bugo daga waje muryarsa zai fara ji, sannan ya soka wata igiya a rami ya haɗa mutum da ofishin da yake nema. Makaho ne. Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa yana yaro, bayan ya riga ya ƙware a iyo a rafin garinmu.

Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka babu kunya a tsakaninmu, babu kuma ragayya. Da safe in na shigo sai ya ce, “Masinja, tun daga shataletale nake jin kukan kekenka. Ka sa masa mai, ko ka kai shi asibiti.” Ni kuma in ce, “Yi mini shiru, tarwaɗa. Wanda ake goyawa a baya ba ya zagin keke.”

A bayan keken nan na fara kai shi wurin ninƙaya. Wani kulob ne na ma'aikata, yana da tafkin siminti mai tsawo, ruwansa shuɗi, yana warin maganin wanke banɗaki. Ya ce mini yana so ne kawai ya ji ƙamshin ruwa. Kafin in kafe keke ya tuɓe riga ya faɗa. Akwai wani tsohon soja da ke horar da 'yan ninƙayar jiha a wurin, kowa na ce masa koci. Ya tsaya da usur a baki bai busa ba, yana kallon wannan makaho yana yanka ruwa kamar an biyo shi. Da ya kusa ƙarshe sai ya rage gudu, ya miƙa hannu yana lalube har ya taɓa bango. Koci ya juyo ya tambaye ni, “Kai ne ɗan'uwansa?” Na ce ni ne ubangidansa. Ya ce to gobe in dawo da shi.

A nan na san cewa babban abokin gabar makaho a tafki ba zurfi ba ne, bango ne. A rafi ruwa yana da gaɓa, yashi yakan fara taɓa gwiwarka ya gaya maka ka iso. Bangon siminti ba ya gaya wa kowa komai. Yana nan tsaye yana jira. Na wannan tafkin ma yana da wani leɓe na tayil a daidai fuskar ruwa, wani wuri ya fashe ya bar baki kamar tsinin kwalba. Dabarar da ake yi wa makafi ita ce a tsayar da mutum a kowane ƙarshe da gora doguwa, an ɗaure mata soson katifa a baki. In mai iyo ya kusa, sai a dungure shi da ita a ka, sau ɗaya, shi kuma ya san bango ya zo, ya kai hannu ya juya. Ba a magana, ba a ihu, ko an yi ma kunnensa na cikin ruwa. Koci ya riƙe ƙarshe ɗaya, ya ba ni ɗaya. Na ce masa tun muna yara nake neman izinin ƙwala wa wannan mutum sanda a ka, yau gwamnati ta ba ni.

Sai dai akwai Gwaggo. Mijinta, uban taubashina, a kogin Kaduna ya tafi, wata damina da ruwa ya kawo, kwalekwale ya kife da su. Ba a sami gawarsa ba. Tun daga nan ba ta ƙetare gada da ido a buɗe, ko randar ɗakinta ba ta bari a cika ta har baki. Mun ɓoye mata na ɗan lokaci, amma warin ruwan nan ba ya fita daga fata. Wata rana da la'asar ta kira mu mu biyu tsakar gida, ta ce in zo da gorar. Ta juya ta, ta matsa soson da yatsa, sannan ta jefo mini tambaya.

“Wannan ce tsakanin kan ɗana da dutse?”

Na ce, “Ita ce, Gwaggo, da ni.”

“Da kai.” Ta dube ni tun daga hula har silifa. Ba ta yi dariya ba, ni kuwa da dariyar na fi so. Ta kama hannuna ta ɗora a kan gorar, ta ɗora nata a sama. Hannunta sanyi ƙalau. Ta ce, “Na ba ka amana. Kai kuma,” ta juya wajen ɗanta, “ka ji da kyau. Ruwa ya ci uban, ban ga ko hularsa ba. Ranar da jininka ya ɗiga a ruwan nan, ko ɗigo ɗaya ne, ka gama. In ka sake shiga bayan nan, ban yafe nonon da ka sha ba.”

Ya ce, “Na ji, Inna.” Duk wanda ya san irin wannan magana daga bakin uwa ya san ba ta da ɗaukaka ƙara.

To, muka shiga aiki. Kullum in an tashi daga ofis sai kulob. Na ƙware, ba yabon kai ba. Na san daidai inda kansa zai kai in sauke gora, akwai wani layin tayil mai duhu a ƙasan ruwa da nake auna shi da shi. Shi kuma ya zaɓi iyo mafi haɗari, wanda ake fiddo hannu biyu lokaci guda ta saman ruwa kamar tsuntsu zai tashi. A irin wannan iyo akwai lokacin da hannayen duka suna baya, kai ne a gaba, tsirara. Koci ya so ya hana shi, ya ce ya yi irin na kowa da hannu ke riga kai isa. Ya ƙi, ya ce a nan ne yake jin ya fi ruwan ƙarfi.

Ya fara cin gasa. Ya cinye ta makafi da guragu a nan Kaduna, muka je Zariya ya ciyo, muka je Jos cikin sanyi ya ciyo. Har masu ido ya sha bari a baya a wurin horo, su fito suna cewa ai sun ji tausayinsa ne. Gwaggo ba ta taɓa zuwa kallo ba. Lambobin da ya kawo ta zuba su a kwalla ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado. Duk ranar da muka dawo sai ta sa ya durƙusa ta shafa kansa da tafin hannu, gaba da ƙeya, kamar mai duba kankana, sannan ta ce a ba shi abinci.

Abin da ya riƙa ba ni tsoro shi ne ya daina rage gudu. Da can in ya kusa ƙarshe jikinsa da kansa yakan ɗan ja baya. Sannu a hankali wannan ya ɓace. Wata rana muna komawa gida a keke ya ce mini, “Ka san me? Na mance da bangon nan. Yanzu in na shiga ruwa ji nake ba shi da iyaka, sai na ji ka a kaina.” Na ce masa ai dama na daɗe a kansa. Ya yi dariya. Ni kuwa hannuna ya yi gumi a kan kan keke har muka isa Abakpa.

Ana nan sai aka sa gasar zaɓen waɗanda za su wakilci jiha a Legas. Koci ya ce in ya yi abin da ya saba, babu mai tare masa hanya, daga Legas kuma akwai maganar ƙasashen waje. Aka raba mana fararen riguna masu tambarin jiha, mu masu gora.

Wannan rigar ita ta fara kai ni. Lokacin matata tana gidan iyayenta a Malali tana wankan jegon ɗanmu na fari, an daɗe da yin arba'in amma ba a ce komai game da dawowarta ba. Surukina Alhaji ɗan kasuwa ne, mai rumfar yadi, mutum mai nauyi wanda ko tari ba ya yi sai da dalili. Ban taɓa jin ya ce masinja ba aiki ba ne, amma yadda yake kallon kekena ya isa. Sai na sa farar rigar na tafi gaishe shi. Ina durƙushe a zaure na ce, “Baba, ranar Asabar gwamnati ta ɗora mini wani nauyi a wajen wasanni. Manya za su zo. Ni ne jami'in da ke kula da ɓangare guda.” Ya ce, “To, madalla.” Na ƙara da cewa da zai samu sarari ya leƙo da na ji daɗi. Wallahi na faɗa ne don baki ya saba. Mutumin da bai taɓa rufe rumfa don biki ba, me zai kai shi kallon ƙarti da gajeren wando?

Asabar ta zo da hadari. Tun hantsi gabas ta yi baƙi, iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Da za mu fita Gwaggo ta biyo mu har ƙofar gida, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ta yi mafarki, amma ba za ta faɗa ba, don mafarki in an faɗe shi yakan sami ƙafa. Ta tofa wa ɗanta addu'a a ka. Ni ba ta tofa mini ba, kallona kawai ta yi.

A kulob ruwan ya sake launi saboda duhun sama, ya koma kamar toka. Mai shara yana tsamo wani mataccen jemage da raga. Hankaki sun jeru a kan katanga ba sa kuka. Na duba leɓen bangon da zan tsaya, sai na ga fasasshen tayil ɗin nan ya faɗo daidai layin da aka ba taubashina. Na gaya wa koci, ya ce babu lokacin sauya layi, ai ba zai taɓa shi da ka ba, ko ba ga ni nan ba? Na ce haka ne, ga ni nan.

Tsarin kuwa shi ne su tashi daga ƙarshen da manyan baƙi ke zaune a rumfa, su zo ƙarshena su juya, su koma can inda koci zai tare shi da tasa gorar. Ƙarshena babu 'yan kallo, sai wata 'yar ƙofar baya da ma'aikata ke bi. Aka yi shiru don makafi su ji usur. Aka busa. Suka faɗa.

Ban taɓa ganin ya tashi irin na ranar ba. Kafin a kai tsakiya ya bar sauran. Kafaɗunsa na fitowa suna nutsewa, ruwa na darewa, kansa na zuwa wajena kai tsaye kamar an harbo shi. Na gyara tsayuwa, na ɗaga gora sama, idona a kan layin tayil mai duhu.

Sai na ji a bayana, kusa da kunnena, “Salamu alaikum.”

Na san muryar. Ko a kabari na ji ta zan gyara kwanciya. Alhaji ne, da babbar riga da rawani da carbi, ya shigo ta ƙofar baya saboda shi ba mai son ratsa taro ba ne. Ya rufe rumfa ya zo ganin nauyin da gwamnati ta ɗora wa mijin 'yarsa.

Yanzu ina so mai karatu ya yi mini adalci. Tun ina ƙarami aka koya mini cewa ba a amsa wa suruki a tsaye. Ba a kallon idonsa. Ba a ba shi baya. Balle a same ka a gabansa da sanda ɗage sama kamar za ka kashe maciji. Ban yi shawara da kaina ba, ban ce bari in zaɓa tsakanin wannan da wancan ba. Gwiwoyina ne suka yanke hukunci. Kafin in san abin da ake ciki na juya, na zame silifa, na kwantar da gora a ƙasa, ina durƙushe kaina a sunkuye.

“Wa alaikumus salam. Barka da zuwa, Baba. An zo lafiya?”

“Lafiya lau. Ina gajiya?”

“Ba gajiya, Baba.”

“Ya aikin?”

Ban amsa wannan ba. Wani sauti ne ya amsa, ba mai ƙarfi ba, kamar an saki ƙwarya cike da fura a kan daɓe. Daga nan sai ihun mata daga rumfa.

Da na juya yana kife a ruwa, hannayensa a buɗe, ba ya motsi. Wani jan abu yana fita daga kansa yana bazuwa a hankali cikin ruwan toka, kamar an jiƙa sabon yadi yana zuba. Ni ban iya ruwa ba. Na tsaya a baki ina miƙa masa gora, ina dungurin kafaɗarsa, kamar yanzu ne lokacin. Koci ne ya sheƙo da gudu ya faɗa da takalminsa ya juyo da shi. A daidai nan aka kece da ruwan sama.

Allah ya sa da sauran kwana. A asibiti aka ɗinke goshin tun daga gira har cikin gashi, aka sa masa wani abu a wuya ya riƙe kai. Likita ya ce da ya ƙara karkata kaɗan da wuyan ne zai tafi. Da ya farfaɗo bai tambayi abin da ya faru ba. Ya lalubo hannuna ya riƙe da ƙarfi ya ce, “Kada Inna ta sani.”

Na ce ya bar mini wannan. A nan ne kaina ya fara aiki, bayan an gama buƙatarsa. Na tsara mana cewa a hanyar dawowa ne keke ya zame a ruwan sama muka faɗa kwata. Jinin kwata ba jinin tafki ba ne, sharaɗin Gwaggo bai hau kansa ba. Na sayo sabulu mai ƙamshi na wanke masa jiki don warin ruwan ya fita. Na tsoma rigata a taɓo. Har keken na ɗan lanƙwasa wa kai don shaida. Shi bai taɓa yi wa uwarsa ƙarya ba, amma ya bar ni ina maimaita masa labarin a cikin tasi har muka iso.

A ƙofar ɗakin Gwaggo muka tarar da takalmi sau-ciki, an goge shi yana ƙyalli, an ajiye shi a jere. Na gane shi, don ɗazu na gama kallonsa a kusa.

Alhaji mutum ne mai zumunci. Abu ya faru a gabansa, ga ɗan'uwan surukinsa, ina zai koma Malali bai zo jaje ba? Yana zaune a kan tabarma, ya riga ya ba ta labari tun daga usur har jinin, dalla-dalla, da tausayawa, har da cewa ruwan sai da ya koma ja. Da ya gan mu ya ce, “Ga su nan ma. Sannu, Malam, Allah ya kiyaye gaba.” Na sake durƙusawa na ce amin. Me zan yi?

Bayan ya tafi Gwaggo ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta sa ɗanta ya zauna a gabanta, ta bi bandejin da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan.

Ya ce, “Inna, saura Legas kawai. Koci ya ce ko ban ƙarasa ba za su duba abin da na yi a baya. Ki bar ni wannan ɗaya. A sa wani ya riƙe gorar.”

Ta ce, “Ruwan ya ɗanɗana. Ba zan ba shi sauran ba.”

“Inna.”

“Na gama magana tun ranar da na fara ta.”

Koci ya zo har gida ya roƙa, ya kawo wani babba daga ma'aikatar wasanni shi ma ya roƙa. Ta ba su ruwa suka sha, ta raka su da godiya. Taubashina bai sake shiga ruwan da ya wuce bokiti ba. Aka tafi Legas da wanda yake bari a baya kullum.

Da wuyan ya warke ya koma bakin aikinsa. Ya daina tsokanar kekena. In na gaishe shi yakan amsa kamar yadda yake amsa wa masu bugo waya, da ladabi. Wannan ya fi zagi ciwo, don taubashin da ya fara yi maka ladabi ya cire ka daga dangi ke nan. Na jure har na gaji. Wata rana da azahar ofis ya yi shiru, na ja kujera na zauna kusa da na'urarsa, na ce bari mu yi maganar nan ta ƙare.

Na kawo hujjojina a tsare. Na ce amsa sallama wajibi ne, kowane malami zai gaya masa. Na ce wanda ya bar fasasshen tayil yana da kaso, mai gadin da ya bar ƙofar baya a buɗe yana da kaso, hadari ma yana da kaso don ya rage haske. Na ce shi kansa da bai zaɓi iyon tsuntsu ba da hannunsa ne zai fara isa. Yana ji, yana murza wata igiyar waya a yatsa. Sai na ƙara ƙarfi. Na ce, “Kai ma ka faɗi gaskiya, tarwaɗa. Da kai ne surukinka ya yi maka sallama, ya za ka yi?”

Ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, tabon ɗinkin yana sheƙi a goshinsa.

Ya ce, “Ni da na amsa masa a tsaye, ya ce makaho ne bai gan ni ba. Kai kuwa ido biyu Allah ya ba ka. Sau ɗaya na ce ara mini su in ƙetare ruwa, ka kwashe su ka tafi kallon takalmin Alhaji.”